Yadda Madara Ke Zama Kindirmo: Aikin Ƙwayoyin Bakteriya Masu Amfani

Idan kun taɓa shiga kasuwar Magarya ko ta Dungas da hantsi, ba shakka kun ga mata zaune a inuwa da ƙoran nono a gabansu, kowace ƙwarya rufe da faifai. Wataƙila ma a gidanku ake yin sa. Da yamma a zuba madara a ƙwarya tana ruwa tsululu, gari na wayewa a tarar ta kama, ta yi kauri, ta yi ɗan tsami mai daɗi. Ba a zuba mata gari ba, ba a haɗa ta da wani magani ba. To, me ya sauya ta?

Waɗansu halittu ne ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani, suka kwana suna aiki a cikin ƙwaryar. Sunansu bakteriya. Wanda ya san halinsu zai riƙa samun kindirmo mai kyau a kowane lokaci na shekara, zai rage asarar madara, kuma zai kare iyalinsa da masu saye daga cuta.

Sunayen da za mu yi amfani da su

Madara ita ce wadda aka tatso yanzu, ba ta yi tsami ba. Kindirmo shi ne madarar da ta kama da dukan manta a ciki. Idan aka kaɗa kindirmo aka cire man shanu, abin da ya rage shi ne nonon da ake dama fura da shi. Wanda kamfani ke yi a leda ko a roba kuwa ana ce masa yawur, a Nijeriya a ce yogot, mutane da yawa kuma a Nijar na ce masa solani, da sunan wani kamfanin nono na Yamai. Dukansu hanya ɗaya ce ke samar da su.

Mece ce bakteriya?

Bakteriya halitta ce mai rai. Tana ci, tana hayayyafa, tana mutuwa. Saboda ƙanƙantarta, sai an jera kamar guda dubu kafin su kai tsawon milimita ɗaya, wato ƙaramin zanen da ke jikin abin awo na tela. Ba a ganinta sai da madubin likita. Akwai ta a ƙasa, da ruwa, da jikin dabba, da hannun mutum, har da cikin hanjinsa.

A asibiti mun saba jin ana cewa ƙwayoyin cuta, shi ya sa mutane da yawa ke zaton kowace irin ƙwaya cuta ce. Ba haka ba ne. Kamar yadda a gona akwai gero akwai kuma ƙuduji, haka bakteriya take. Waɗansu na kawo zawo, da zazzaɓin taifot, da tarin fuka. Waɗansu kuwa su ke tsamama gasarar koko, su ke nunar da daddawa, su ke mayar da madara kindirmo. Waɗannan na nono ana kiransu bakteriya masu sa tsami.

Hayayyafarsu abin mamaki ce. Ɗaya ce ke rabuwa biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. Idan sun sami abinci da ɗumin da suke so, suna iya ninkawa cikin rabin awa. A wannan lissafi, ƙwaya ɗaya za ta haura 4,000 cikin awa 6. Wannan shi ya sa ɗan cokalin nonon jiya ke iya kama madara cikin ƙwarya.

Abin da ke faruwa a cikin ƙwarya

Idan aka raba madarar saniya kashi 100, kimanin kashi 87 ruwa ne. Sauran kuwa su ne mai, da sinadarin gina jiki, da sinadarin ƙarfafa ƙashi, da wani irin sukari na madara da ake kira laktos, wanda ya kai kashi 4 zuwa 5. Shi ne ke ba sabuwar madara ɗan zaƙin nan da kuke ji.

Wannan sukari shi ne abincin bakteriya masu sa tsami. Suna cin sa, su fitar da wani ruwa mai tsami. Tsamin na ƙaruwa sannu a hankali. Sinadarin gina jikin da ke cikin madara a warwatse yake, shi ya sa madara ke kwarara kamar ruwa. Idan tsami ya kai wani matsayi, sai wannan sinadari ya harhaɗe ya zama kamar raga mai ƙananan idanu, ya riƙe ruwa da mai a cikinsa. Lokacin nan ne ake cewa nono ya kama. Idan aka girgiza ƙwarya tun bai gama kamawa ba, ragar na tsinkewa, sai ruwa ya taso sama, kindirmo ya ƙi yin kauri.

Tsamin nan yana da wani amfani babba. Yawancin ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci ba sa son tsami. Don haka madarar da ba za ta wuce ƴan awoyi ba a lokacin bazara, idan ta zama kindirmo takan kwana lafiya. Da wannan dabara makiyaya suka daɗe suna adana madara tun kafin a san na'urar sanyaya abinci.

Yadda aka gano su

Mutane sun yi dubban shekaru suna yin nono ba tare da sun san abin da ke kama shi ba. A shekarar 1857 wani masani ɗan ƙasar Faransa mai suna Louis Pasteur ya nuna cewa halittu masu rai ne ke haddasa irin wannan tsami. A shekarar 1905 wani ɗalibin likitanci ɗan ƙasar Bulgeriya, Stamen Grigorov, da ke karatu a birnin Janeba, ya duba nonon ƙasarsu da madubin likita, ya gano ƙwayar da ke kama shi. An sa mata sunan ƙasarsa, ana ce mata Laktobasilus bulgarikus.

Yawur ɗin kamfani da iri biyu ake yin sa. Ɗaya ita ce wannan Laktobasilus, mai siffar guntun kara. Ɗayar kuma Sitireftokokus tamofilus, ƙwayoyi ne ƴan dunƙule da ke jeruwa kamar tsakiya a zare. Aikin gayya suke yi. Ta biyun ce ke fara hayayyafa, ta shirya wa ta farkon wuri. Ta farkon kuma ta farfasa sinadarin gina jiki, abokiyarta ta sami abinci. Su biyun tare sun fi sauri da ƙamshi a kan kowace ita kaɗai. A ƙa'idar abinci ta duniya da aka tsara a 2003, yawur na gaskiya sai ya kasance da rayayyun ƙwayoyin nan aƙalla miliyan 10 a cikin giram ɗaya.

Kindirmon gida kuwa ya ƙunshi ire-ire da yawa na dangin waɗannan ƙwayoyi, a gauraye. Shi ya sa nonon wata ruga ke bambanta da na wata a ɗanɗano da ƙamshi.

Tsere a cikin madara

Ga abin da ya fi muhimmanci ku riƙe. Madara abinci ce ga masu amfani da masu cutarwa baki ɗaya. Daga lokacin da aka tatse ta, tsere ya fara tsakaninsu. Idan masu sa tsami suka riga yawa, an sami kindirmo. Idan miyagun suka riga, madara ta lalace, ko kuma ta kama amma tana ɗauke da cuta.

Ku ɗauki ƙwaryar nono kamar gona. Manomin Bande ko Guci ba ya watsa iri a cikin ciyawa. Sai ya yi sharar gona, ya zaɓi iri mai kyau, ya jira ruwan shuka, sannan ya girbe a kan kari. A aikin nono, tafasa madara ita ce sharar gona, nonon jiya mai kyau shi ne iri, ɗumi shi ne ruwan shuka, sanyaya shi bayan ya kama kuma shi ne girbi.

Dalilin tafasa madara

Wasu na cewa tsami kaɗai ya isa ya kashe kowace cuta. Wannan kuskure ne. Tsami na hana miyagun ƙwayoyi yawaita, amma ba ya gamawa da su duka. Akwai cututtuka biyu da ke bin ɗanyar madara daga dabba zuwa mutum. Na farko tarin fuka na shanu. Na biyu cutar da makiyaya ke kira bakkale, mai sa dabba ɓari. A jikin mutum tana zuwa da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare, da ciwon gaɓoɓi, har a yi ta shan maganin zazzaɓin cizon sauro ba sauƙi. Dabba na iya ɗauke da waɗannan cututtuka alhali a ido lafiyarta ƙalau. Ban da su, akwai ƙwayoyin zawo da ke shiga daga kashin dabbobi, da ƙura, da ƙudaje, da hannun da ba a wanke ba.

Tafasawa na kashe waɗannan ƙwayoyi. Tana kuma da riba ta biyu: madarar da aka tafasa ta fi yin kindirmo mai kauri, wanda ba ya saurin fitar da ruwa. Sai dai wuta ba ta bambanta mai amfani da mai cutarwa, duka take kashewa. Saboda haka madarar da aka tafasa dole ne a sa mata iri.

Matakan yin kindirmo mai tsafta

1. Ku wanke hannu da sabulu, ku share hantsar dabba da tsumma mai tsafta kafin tatsa.

2. Ku tace madarar da ƙyalle mai tsafta, wanda aka wanke aka shanya a rana.

3. Kada ku bar ta ta jima. Ku ɗora a wuta kuna motsawa don kada ta kama gindin tukunya, har sai ta tafasa ta taso.

4. Ku sauke, ku rufe, ku bar ta ta huce. Ku ɗiga kaɗan a bayan hannu. Idan kun ji ɗumi sosai amma ba ta ƙona ku ba, ta yi daidai. A ma'aunin zafi wannan shi ne digiri 40 zuwa 45, ya ɗan ɗara zafin jikin mutum, wanda yake digiri 37.

5. Ku zuba iri: babban cokali 2 na kindirmon jiya mai kyau a kowace lita ɗaya ta madara. Ku gauraya sosai da ludayi mai tsafta.

6. Ku rufe ƙwaryar, ku ajiye ta wuri mai ɗumi inda ba za a taɓa ta ba.

7. Da ya kama, ku fara ɗebe irin gobe da cokali mai tsafta, ku rufe shi daban, tun kafin a sa hannu a sauran.

8. Ku mayar da kindirmon wuri mafi sanyi da kuke da shi.

Zafi da sanyi

Ƙwayoyin nan ba sa aiki daidai a kowane lokaci. A bazara, watannin Afrilu da Mayu, zafin rana a jihar Damagaram yakan haura digiri 40. Nono na iya kamawa cikin awa 4 zuwa 6, kuma idan aka bar shi ya wuce haka sai ya yi tsami da yawa, ya fitar da ruwa. A wannan lokaci ku rage iri, ku riƙa dubawa da wuri. Da ya kama, ku sa ƙwaryar kusa da randa, ko ku lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu a inuwa inda iska ke kaɗawa. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin, yana rage musu sauri ne kawai.

A hunturu kuwa, watannin Disamba da Janairu, sanyin dare na sa su kasala. Nono na iya kai awa 12 ko fiye bai kama ba, kuma wannan jinkiri na ba miyagun ƙwayoyi dama. Ku naɗe ƙwaryar da bargo ko tsohon zane mai tsafta, ku ajiye ta cikin ɗaki ko kusa da murhun da wutarsa ta mutu.

Idan nono ya ƙi yin kyau

Ya ƙi kamawa sam: ko an zuba iri madara na da zafi sosai har ƙwayoyin suka mutu, ko wurin ya yi sanyi, ko irin ya tsufa. Akwai kuma dalili na huɗu da mutane ba su cika lura da shi ba. Idan an yi wa saniya ko akuya allurar kashe ƙwayoyin cuta, maganin na fitowa a madararta na ƴan kwanaki, ya kashe ƙwayoyin tsami. Irin wannan madara ba ta dace a sha ko a sayar ba. Ku tambayi malamin dabbobi kwana nawa za ku jira, domin kowane magani da nasa wa'adin.

Ya yi tsami ƙwarai, ruwa ya taso: an bar shi cikin zafi ya daɗe, ko iri ya yi yawa. Ba cuta ba ce, sai dai ba zai yi daraja a kasuwa ba.

Yana kumfa, yana kumbura, yana wari ko ɗaci: baƙin ƙwayoyi ne suka yi rinjaye. Haka nan idan ya yi fumfuna, ko launinsa ya sauya. Ku zubar, kada ku ba yara, kada kuma ku ɗebi iri a ciki. Ku wanke ƙwaryar da tafasasshen ruwa, ku nemo sabon iri wurin maƙwabciyar da nononta ke da kyau. Yawur na kamfani ma na iya zama iri, idan sabo ne kuma an ajiye shi cikin sanyi.

Madarar dabbar da ke ciwon hantsa, mai gudaji ko jini, kada a haɗa ta da sauran. Dakashi kuma, wato madarar kwanakin farko bayan haihuwa, a bar wa ɗan maraƙi ko ɗan akuya, shi ya fi bukatarsa.

Ƙwarya da sauran mazubai

Jikin ƙwarya yana da ƙananan ramuka da ƙwayoyi ke maƙalewa. Wannan ne dalilin da ya sa tsohuwar ƙwaryar nono ke kama madara ko ba a sa iri ba. Amma kamar yadda take ɓoye masu amfani, haka take ɓoye masu cutarwa. Ku ware ƙwaryar nono daban, ku wanke ta bayan kowane aiki, ku ɗauraye da ruwan zafi, ku kife ta a rana a kan wani abu mai tudu, ba a ƙasa ba. Ƙwaryar da ta tsage ko aka ɗinke ta ba ta wankuwa sosai. Kada ku taɓa zuba madara a jarkar da ta taɓa ɗaukar man fetur ko maganin ƙwari, ko an wanke ta sau nawa. Kada kuma nono mai tsami ya kwana a tukunyar dalma.

Ruwan da ake ƙarawa

Da rani, idan ciyawa ta bushe kuma shanu suka yi nisa neman kiwo, madara na ƙaranci. Wasu masu sayarwa kan ƙara ruwa a nono, su zuba garin ƴaƴan kuka don ya yi kauri. Ban da tauye haƙƙin mai saye, akwai haɗari a nan. Ruwan rijiya ko na tabki da ba a tafasa ba na dawo da ƙwayoyin da wuta ta riga ta kashe, kuma yana rage tsamin da ke kare nonon. Haka abin yake ga ruwan dama fura, da ruwan da ake kwaɓa madarar gari da shi a birane. Duk ruwan da zai shiga nono ya zama tafasasshe ko na famfo mai tsafta.

Amfaninsa ga jiki

Duk abin gina jiki da na ƙarfafa ƙashi da ke cikin madara yana nan cikin kindirmo. Fura da nono kuma haɗi ne mai kyau, domin gero na ba da ƙarfi, nono na cike abin da gero ya rasa na gina jiki. Manya da yawa idan suka sha sabuwar madara sai ciki ya kumbura ko ya yi ƙugi, saboda jikinsu ba ya narkar da sukarin madara sosai. Irin waɗannan mutane sukan sha kindirmo lafiya, domin ƙwayoyin sun riga sun cinye wani kaso na sukarin, kuma suna taimakawa wajen narkar da sauran a cikin hanji.

Wannan magana ta fi shafar yara. A gundumar Magarya da ta Dungas, wadda aka cire daga Magarya a 2011, damina ce lokacin da tamowa da zazzaɓin cizon sauro suka fi kwantar da ƙananan yara, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Amma kuma damina ce lokacin da ciyawa ke fitowa, madara ta wadata. Kindirmo mai tsafta na iya taimakon yaro a wannan tsakani. Maras tsafta kuwa na iya jawo masa zawo, zawo kuma shi ke buɗe wa tamowa ƙofa.

Ku kiyaye abu biyu. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai za a ba shi, ba kindirmo, ba madarar dabba, ba ko ruwa. Daga wata 6 ana iya sa masa kindirmon da aka yi da tafasasshiyar madara a cikin kununsa, ana ci gaba da shayar da shi. Na biyu, kindirmo abinci ne, ba magani ba ne. Yaron da ke zawo a ba shi ruwan gishiri da sukari, a gaggauta kai shi asibiti mafi kusa.

Ku gwada da kanku

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Ku tafasa madara lita ɗaya, ku bar ta ta huce zuwa ɗumin da aka bayyana, ku raba ta a kofi uku masu tsafta da murfi. Na farko kada ku sa masa komai. Na biyu ku sa masa ƙaramin cokali 2 na kindirmo, ku ajiye shi wuri mai ɗumi tare da na farkon. Na uku ku sa masa iri daidai da na biyu, amma ku ajiye shi a gindin randa. Bayan awa 6 ku buɗe ku duba. Ku rubuta a littafinku wanda ya riga kamawa, da wanda ya yi jinkiri, da wanda bai kama ba. Na farkon ku zubar da shi bayan gwajin, kada a sha. Ku kawo abin da kuka rubuta ajin yaƙi da jahilci, ku gwama da na abokan karatunku, sannan ku bayyana wa masu tatsa da masu sayar da nono na gidanku abin da kuka gani.